Tsiren da Ya San Mai Laifi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙara da tamu.

To ku matso, wannan a bakin Muzuru da kansa na ji ta.

Tanimu makanike ya je Japan sayo tsofaffin injina, ya dawo da wani irin tsire mai suna tsukune. Muzuru na kan katanga yana leƙen yadda ake yin sa: a daka naman kaza da albasa da citta, a fasa ƙwai, a cuccura, a soka uku-uku a tsinke, a gasa ana shafa baƙin romo mai zaƙi.

Muzuru ya ce, "Naman da aka daka, uban wa zai gane mai shi?"

Gwaggo Kuluwa kuwa tana da jan zakara, ta rantse duk wanda ya taɓa shi, taɓaryarta za ta karya masa ƙugu. Rana tsaka, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, Muzuru ya cafke zakaran. Ya kai shi kangon da yake kwana. Ya daka, ya cura, ya soka. Baƙin romo babu, sai ya dama zuma da daddawa.

Kitse ya ɗiga a garwashi: "Tsuuu…"

Curi na farko ya ce, "Ku ne."

Muzuru ya waiga. Ba kowa sai inuwarsa. Ya juya tsinke.

"Tsuuu…"

Curi na biyu ya ce, "Ku ne."

Gashin bayansa ya miƙe. Ya ƙara shafa zuma ko bakinsu zai liƙe. Duka ukun suka ce a hankali, da muryar zakara mai mura, "Ku ne."

Sai ga Gwaggo da taɓarya, Karenta na gaba yana bin ƙamshi.

"Muzuru, ina zakarana?"

"Zakara, Gwaggo? Ni da nake azumin nama?"

"Wannan fa?"

"Abincin Japan ne. Ladabi gare shi, sunansa yake faɗa wa baƙi."

"Tsuuu… ku ne."

Gwaggo ta ce, "Ni dai muryar nan na san ta."

Kare ya matso yana dalalar da miyau. Muzuru ya yi wuf ya juya tsinin tsinke, ya saita hancin Kare.

"Ku ne."

"Ashsha, Yaya Kare! Ni ina rufa maka asiri, nama ya tona. Kin ji, Gwaggo, 'ku' ya ce, ba 'kai' ba. Babba yake girmamawa. Ni wa ya taɓa ce mini 'ku' a garin nan?"

Kare ya buɗe baki zai rantse, miyau ya zubo. Taɓarya ta sauka. Kare ya yi waje, Gwaggo ta bi shi.

Muzuru ya yi dariya har da birgima. Ya zare curi uku ya haɗiye da zafinsu, ya lashe tsinke, ya miƙe ƙafa.

Kango ya yi shiru. Garwashi ya mutu.

Can ƙasan cikinsa, wani abu ya gyara zama, ya ce, "Yanzu mu biyu ne. Kai ne."

Ya sha ruwa. "Kai ne." Ya ci ciyawa ya yi amai. "Kai ne." Ya gudu bayan gari, muryar ta riga shi isa.

Har yau ku kara kunne a cikin muzuru in ya kwanta, za ku ji abin nan yana ta gurnani. Mutane na cewa daɗi yake ji. Ina daɗi! Shari'a ce ba a gama ba.

Ƙurunƙus! Wanda zai ci tsiren sata, ya fara tambayar naman ko ya gama magana.