Tantabarar da Ta Musanya Ƙwai

An yi wasu tantabaru biyu, ya da ƙanwa, Tabawa da Lantana. Tabawa mai son ɓagas ce, ta yi sheƙarta a rufin ɗakin injin niƙa, inda tsaba ke zuba ba sai an nema ba, hayaƙi kuma yana turnuƙe sheƙar kullum. Lantana mai haƙuri kuwa a kan tsamiya take, bakin rafi.

Duk ƙyanƙyasar da Tabawa ta yi, sai 'ya'yan su taso da tari, fukafukai ba ƙwari. Na Lantana kuwa ɓul-ɓul. In Tabawa ta hango su suna shawagi, ko tsabar bakinta ba ta iya haɗiyewa.

Ta je ta sami ƙanwarta. "Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ke kika kwashe jinin kirki!"

"Yaya, ba jini ba ne, hayaƙin nan ne. Ki dawo tsamiya, akwai reshe."

"In bar abinci in koma wahalar kiwo? Baƙin ciki kike yi mini!"

Da suka sake yin ƙwai, Tabawa ta bari ƙanwarta ta tafi shan ruwa, ta lallaɓa ta musanya su.

Aka ƙyanƙyashe. Na sheƙar Tabawa suka fito da jan gashi irin na Lantana, amma ba a jima ba tari ya kama su. A kan tsamiya kuwa, ga wasu biyu masu farin wuya irin na Tabawa sak, lafiyayyu, sun riga kowa tashi.

Kishi ya hana Tabawa yin shiru. Ta dira kan tsamiya tana cewa nata ne, a dubi wuyansu, ita ta musanya ƙwan.

Lantana ta tashi, ta je ta lallaɓo nata 'ya'yan gida. Ɗaya ya warke, ɗayan har ya girma tarin bai sake shi ba.

Tabawa ta ce masu farin wuya su biyo ta. Ƙaramar ta ce, "Wuyanmu naki ne, amma ba za mu shaƙi hayaƙi ba."

Haka ta koma sheƙarta ita kaɗai.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yaro yana gadon kama da jini daga iyaye, amma iskar da ya shaƙa da wurin da ya tashi suna iya gina lafiyarsa ko su rushe ta. Maimakon hassadar 'ya'yan wani, gyara inda naka ke kwana.