Kyandir a Ɗakin Gyaran Bindiga

Ɗalhatu mutumin Zariya ne, ya karanci aikin ƙarafa har ya samu difloma, kuma ba ka zama da shi minti goma bai sako maka labarin diflomar nan ba. Yana da hannu, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya ne: duk sanin da ba a rubuta a takarda aka buga masa hatimi ba, a wurinsa shirme ne.

Wani kulob na wasan harbi da ke wajen garin Dubai ya ɗauke shi aiki a ɗakin gyaran bindigogi, bisa gwaji na wata shida. In ya ci gwajin, a tabbatar da shi. In ya faɗi, aiki ya tafi, bizarsa ta bi bayansa, sai haɗa jaka.

A ɗakin akwai wani dattijo, Arzika, mutumin Birnin Ƙonni, wanda aikinsa goge bindigogi da shafa musu mai. Ɗan maƙera ne, a maƙerar mahaifinsa ya tashi yana gyara bindigogin maharba. Gida ɗaya suke kwana a unguwar Al Khabaisi, mota ɗaya ke kwaso su da safe, amma Ɗalhatu bai taɓa tambayarsa komai ba in ban da inda aka ajiye tsumma.

Ana saura kwana huɗu gasar shekara, wadda ta zo daidai da ƙarshen gwajinsa, manaja ya shigo da bindigar Abdulmuhaimin, gwanin harbin kulob ɗin. Irin mai sakata ce: kana harbawa sai ka ja sakatar baya, wata ƴar ƙugiya da ke bakinta ta kamo kwanson harsashin ta fizgo shi waje. Tsohuwar ƙugiyar ta cinye, takan bar kwanso a ciki. A gasar da ake harbi goma cikin ƙayyadadden lokaci, kwanso ɗaya ya maƙale, an gama da kai.

Manaja ya ajiye sababbin ƙugiyoyi uku masu ƙarfi fiye da ta asali, ya ce su kenan aka samu, kuma sai an daidaita su da hannu kafin su zauna. Ya dubi Ɗalhatu ya ce ranar Asabar, ranar gasar, zai san ko ya yi zaɓen ma'aikaci daidai.

“Khalas, an gama,” in ji Ɗalhatu.

Ya ɗauko ma'auninsa na lantarki, ya buɗe littafin kamfanin da ya ƙera bindigar, ya auna, ya saka ƙugiya ta farko. Sakata ta ƙi rufuwa sai da ƙarfi. Ya ce bakin ƙugiyar ne ya yi kauri, ya sa magagari ya rage. Ba ta sake ba. Ya ƙara ragewa, ya ƙara, har bakin ya siɗe ya daina kama kwanso gaba ɗaya. Ta farko ta mutu.

Arzika yana gefe yana goge wata bindigar. Ya ce, “Injiniya, doucement, bi a hankali. Da ka bari mun sa mata baƙin kyandir, ita da kanta za ta nuna inda ke ci mata tuwo a ƙwarya.”

Ɗalhatu ya yi dariya har da buga tebur. “Kyandir? Dattijo, nan Dubai ce fa, ba kasuwar ƙauye ba. Wannan ma'aunin yana gane kaurin gashin kanka.”

Arzika ya ci gaba da gugarsa.

Washegari ta biyu ta bi sawun ta farko, da awo iri ɗaya da taurin kai iri ɗaya. A nan ne dariya ta ɗauke. Ranar Juma'a Ɗalhatu ya tashi da ƙugiya ɗaya tak a cikin leda da tsoro fal ciki. Ya ɗauki magagari, ya sake ajiye shi. Ya tuna yadda mahaifiyarsa ta raka shi tashar mota tana sa masa albarka, ya ji ba shi da fuskar da zai koma mata da ita bayan wata shida.

Da aka sauko daga masallaci ya bi Arzika har bakin mota. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya fitar da ita.

“Baba Arzika, na yi maka rashin kunya. Saura min guda ɗaya. Don Allah ka duba min.”

“Ai tun shekaranjiya kyandir ɗin ke aljihuna,” in ji Arzika. “A kasuwar Sabkha na saye shi. Yalla, mu je.”

Suka nemi izinin mai tsaron kayan kulob, suka ɗauki sakatar da ƙugiyar zuwa wajen ɗakin, nesa da inda ake ajiye harsasai. Arzika ya kunna kyandir, ya riƙa gifta ƙugiyar ta saman harshen wutar a hankali har ta yi baƙi ƙirin. Suka dawo ciki, ya saka ta, ya ɗauko harsashin gwaji wanda ba albarushi a cikinsa, ya rufe sakata sau ɗaya, ya buɗe, ya ciro ƙugiyar.

“Voilà, ga shi nan. Duba da idonka.”

Ɗalhatu ya duba. Bakin ƙugiyar, inda ya kwana biyu yana gurza a sauran biyun, baƙinsa na nan ko gezau. A bayanta ne, can gefe, wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero ba ya goge yana sheƙi. Nan ne take gugar jikin bindigar. Awonsa duk daidai ne, sai dai ba wurin ciwon yake aunawa ba.

Ya miƙa wa dattijon magagari. Arzika ya girgiza kai.

“Non, ɗana, hannunka ya fi nawa tsayuwa yanzu. Shafa ɗaya, mu sake baƙi, mu gwada. Abin da ka cire daga ƙarfe ba ya dawowa.”

Sau tara suka yi haka, fita da shiga. A na tara sakata ta rufu ba gardama, da aka ja ta baya harsashin gwajin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ɗalhatu ya yi kabbara da ƙarfi har mai tsaro ya leƙo.

Ranar Asabar su biyu suka tsaya bayan shinge. Abdulmuhaimin ya kwanta, ya harba, ya ja sakata, kwanso ya tashi sama. Ɗalhatu bai ma dubi allon da ake harbi ba, kwansuna yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Na goma na faɗuwa ƙasa ya rungume Arzika. Abdulmuhaimin ya zo na ɗaya, da sauran lokaci a hannunsa.

Manaja ya zo yana murmushi ya miƙa wa Ɗalhatu hannu, ya ce ya ci gwaji. Ɗalhatu ya ce akwai magana. Ya faɗi yadda ya lalata ƙugiya biyu, ya faɗi wanda ya ceci ta ukun. Manaja ya daɗe yana kallon dattijon da ya shekara takwas yana goge masa bindigogi. Kafin mako ya zagayo an tabbatar da Ɗalhatu, an kuma karɓe tsumma daga hannun Arzika aka ba shi teburin gyara nasa. A kan teburin Ɗalhatu kuwa, kusa da ma'aunin lantarki, har yau akwai guntun kyandir, kuma ba ya bari kowa ya taɓa shi.

Darasin wannan labari shi ne kada karatunka ya sa ka raina sanin da wani ya samu da hannunsa. Girman kai ya ci wa Ɗalhatu ƙugiya biyu, saura kaɗan ya ci aikinsa, tambaya ɗaya cikin ladabi ta tsirar da shi. In ka kakare, dubi wanda ke kusa da kai ka tambaye shi tun da sauran abin gyara a hannunka, in kuma nasara ta zo, ka faɗi sunansa a gaban mutane.