Itacen Baɗin Baɗaɗa

Masu riƙe da labaran mutanen da suka shuɗe sun ce, a can bisa duwatsun kudu an yi wani gari ana kiransa Tsangwarai, inda sanyi ba abin wasa ba ne. Idan ɗari ya sauka, tsoho in ya kwanta a gadon ƙasa babu garwashi a ƙarƙashinsa, to, da safe sai dai a kira liman. Saboda haka tun kaka da kakanni garin yake da tarin itace uku a rumfunan bayan fada: na bana, na baɗi, da na baɗin baɗaɗa. Kowace shekara a ƙone wanda ya fi daɗewa, a saro sabo a jera a gurbinsa. Daga nan ake ɗibar wa tsofaffi da marasa lafiya da masu jego.

Mai kula da tarin wani dattijo ne, Nomau, shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsuke fuska, in ka zare masa kara ɗaya a rumfa kamar ka tsone masa ido. Da damina ana kiransa marowaci, da sanyi kuwa kowa ya san ƙofar gidansa.

Ana nan sai Sarkin garin ya rasu, aka naɗa ɗansa Barmo. Barmo ba mugu ba ne, ƙuruciya ce dai da son a san da shi. Fadawa suka hure masa kunne cewa a kwashe tarin nan uku a kai ƙololuwar dutse, ranar bikin naɗi a cinna wutar da za a hango daga garuruwan kwari. Suka ce ai daji yana nan ba inda ya je, bayan biki a saro wani. Sarki ya amince, aka aika wa Nomau ya buɗe rumfuna gobe. Saura wata biyu ɗari ya sauka, matar Sarki kuma, Lantana, tana da cikin wata bakwai.

Saƙon ya isa wurin Nomau. Ya lissafa tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya a ransa, ya ga waɗanda ba za su kai bazara ba, tsoro ya kama shi. Bayan la'asar ya sa rigarsa ta salla, ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, umurninka ya iso, ba ni da ta cewa. Sai dai ina tsoron kada abin da ya sami Cindo ya same mu, wanda ya bar itacen jego sai ranar haihuwa."

Sarki ya ce, "Baba Nomau, me ya sami Cindo?"

Nomau ya gyara zama ya ce:

An yi wani manomi a bayan dutsen nan, sunansa Cindo, ƙaƙƙarfa ne, gatari a hannunsa ba ya saran banza. Yana da mata Tabawa, yana sonta ƙwarai, ba wanda ya taɓa jin kansu. Al'adar wurin ita ce, tun daga shekarar aure miji yake fara tara itacen da za a dafa wa matarsa ruwan wankan jego, a kuma ɗumama mata gado. Cindo bai tara ba. Kullum cewa yake abin da wasu suke tarawa a shekara uku, shi a yini uku zai tara, kuma ba ƙarya yake ba.

Da Tabawa ta sami ciki, ungozomar unguwar, wata tsohuwa Yalwa, ta leƙa bayan ɗakinsa ta ga fili fetal. Ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, ƙarfinka ba zai busar da itace ba. Kada ka zama Jimrau, wanda ya kai ƙarar Wuta wurin Rana." Cindo ya yi murmushi ya tambaye ta yadda aka yi, ta ce:

Jimrau wani mutum ne da sanyi ya riske shi ba shiri. Ya shiga daji ya saro marke ɗanye shar, ya jera a murhu, ya hura har idonsa ya yi ja, Wuta ta ƙi ci. Ya fusata ya ce mata ga abinci ya kawo, me ya sa take masa yanga? Wuta ta amsa masa cewa a gidansu ƙarama ba ta sa hannu a ƙwarya sai babba ta ci ta tashi. Rana ce yayarta, kuma ba ta ga alamar bakin Rana a jikin itacen nan ba.

Jimrau ya ɗauki itacensa ya hau tudu, ya roƙi Rana ta yi sauri ta ɗanɗana, don sanyi zai kashe shi. Rana ta ce ya ajiye, za ta ci, amma ita a hankali take cin abincinta. Ta ce ruwan damina arba'in ne a cikin marken nan, ba ta iya shanye shi a yini ɗaya, kuma ba ta taɓa ƙara sauri don sarki ko talaka ba. Ta ce ya dawo bayan rani uku.

Ya koma gida yana rawar ɗari. Ya duba me Rana ta riga ta ɗanɗana, sai ya ga ƙyauren ɗakinsa. Ya ɓalle shi ya jefa, Wuta ta cinye tana murna. Ya ƙara mata da turmi, ya ƙara da gado, daga ƙarshe ya zare azarar rufi. Ranar kam ya sha ɗumi har da gumi, maƙwabta ma suka taru suna kallon haske. Washegari sanyi ya dawo ya same shi zaune a kango.

Yalwa ta ce, "Ka ji, ɗan nan. Wanda bai kai wa Rana rabonta da wuri ba, da kayan ɗakinsa zai biya ƙanwarta."

Cindo ya yi dariya ya ce labarin Iya ya yi daɗi, da ya gama girbi zai shiga daji. Aka gama girbi, ya ce sai an gama sussuka. Ana cikin sussuka, tsakiyar ɗari, Tabawa ta haifi 'ya mace.

Ya cika alkawarinsa kuwa, a yini uku ya tara itacen da ya fi tsayin katanga. Aka sa a murhu, itace ya dinga tsiyayar ruwa yana huci, hayaƙi ya turnuƙe gida, ruwan wanka iyakarsa ɗumi-ɗumi. Maƙwabta suka taimaka da busasshe na mako guda, fiye da haka ba su da shi, don kowa da nasa tsohon a ɗaki. Sanyi ya shiga jikin Tabawa, ƙafafu suka kumbura, tari ya sarƙe ta. Ran kwana goma sha tara da haihuwa ta cika. Bayan shekara uku itacen nan ya bushe sarai, da an kusanta masa garwashi sai ya kama. Cindo ya zauna gabansa da 'yarsa a cinya, yana jin ɗumi yana kuka.

Nomau ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, daji yana nan, gaskiyar fadawa ce. Amma abin da ke rumfuna ba daji ne ya ba mu ba, shekaru ne, su kuwa ba a saro su da gatari."

Sarki ya tambaya ko za a iya ƙona tari ɗaya a bar biyu. Nomau ya ce ana iyawa, sai dai Sarki ya zaɓi shekarar da za a yi ba wuta, ya kuma faɗa wa tsofaffin da bakinsa. Sarki ya tashi ya ce a kai shi ya ga rumfunan, don tun da aka haife shi bai taɓa shiga ba.

Suka shiga su biyu. Nomau ya nuna masa yadda ake ɗora itace bisa duwatsu don kada gara ta hau, da yadda ake barin tazara iska ta ratsa. A ƙuryar rumfar farko Sarki ya ga wani ɗan tari a ware, na ƙirya, saransa a karkace, duk gatari ya zazzame a jikinsa. Ya tambayi wane ragon mai faskare ne ya yi wannan.

An ce wa Nomau kada ya faɗa, amma ya ga yau ranar faɗa ce. Ya ce, "Mahaifinka ne. Washegarin ɗaurin aurenka ya biyo ni daji da sassafe, ba dogari ko ɗaya. Bai iya gatari ba, hannunsa har ya fashe, ya hana ni karɓa. Ya ce na wankan uwar jikansa ne, ko yana nan ko ba ya nan."

Sarki ya durƙusa ya shafa wurin saran. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Ya ce ya ji, ya kuma yarda, ba za a zare ko kara ɗaya ba, mutanen kwari su ji labarin naɗinsa a bakin fatake.

Da za su fita, Sarki ya ɗauki gatarin da ke jingine a bakin ƙofa, ya jinjina shi, ya ce, "Baba, wanda za mu saro bana, wa zai sha ɗuminsa?"

Nomau ya ce, "Allah kaɗai ya sani, ranka ya daɗe. Ni dai, yadda nake jin jikina, ba na sa rai."

Sarki ya saɓa gatarin a kafaɗa, ya ce gobe bayan sallar asuba ya jira shi a ƙofar gari, tare za su tafi.