Itacen Marmaron Kumatu

Kumatu ta rasa miji a kan Dutsen Mayafi, ta sami ruwa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa cewa musayar ta yi mata daidai ba.

A wancan zamani babu ko bukka a saman dutsen. Ciyawa ce shimfiɗe iya ganin ido, itace kuwa sai can ƙasa a kwari. Da damina gajimare kan sauko ya lulluɓe shi, daga nan sunan ya fito. Lokacin sanyi raɓa kan daskare ta yi fari fat, ruwan ƙwarya ya kwana ya tashi da ɓawo. Mutanen kwari ba sa hawa, sai mutum ɗaya, Jatau maharbi, mijin Kumatu. Jatau mai kibiya ɗaya, ɓauna ta gan ka ta bar wa 'ya'yanta sallahu.

Wata shekara a tsakiyar sanyi ya harbi wata farar ɓauna, ta hau dutse da kibiya a jiki, ya bi ta. Gajimare ya rufe hanya, bai dawo ba. Mazan gari suka ce a bari sanyi ya sassauta tukuna kafin a je nemansa. Kumatu ba ta jira ba. Ta ɗora zane a kan zane, ta ɗauki garwashi a kasko, ta hau.

Ta same shi zaune jikin wani falalen dutse, baka a cinya, ba ko ƙwarzane a jikinsa. Sanyi ne ya kashe shi. Ta tara duwatsu ta rufe shi, ta miƙe ke nan sai ta hangi tururi yana tashi a bayan falalen, nisan da in ka yi kira za a amsa. Marmaro ne na ruwan ɗumi. Farar ɓaunar tana ciki har wuya, rauninta ya rufe, kibiyar Jatau tana yawo a kan ruwa. Ɓauna ta dube ta, ta fito, ta ba ta wuri.

Kumatu ta koma ga kabarin ta ce, "Da akwai wutar da za ka hanga, da yanzu kana min faɗan na biyo ka."

Ba ta koma gari da zama ba. Ta yi ɗakin dutse mai gajeriyar ƙofa, tana sauka kwari ta ɗauko itace a ka, ta hura wuta a bakin hanya. Makiyaya suka fara hango wutar suna ratsowa. Mai ciwon gwiwa ya shiga ruwan ya fito yana taka ƙasa sosai. Labari ya kai ga Barmo, sarkin kwari, wanda sanyin ƙashi ya hana shi tsayuwa. Aka hau da shi a kan doki, ya yi wanka, ya koma ga dokinsa da ƙafafunsa. Nan take ya taya marmaron.

Ya ce garken shanu. Kumatu ta ce, "Albarka." Ya ƙara da fadamar bakin kogi. Albarka. Ya ce zai naɗa ta Magajiya, a riƙa yi mata kiɗa.

"Albarka, ranka ya daɗe. Kiɗa ba ya ɗumama ɗaki."

"Ke baiwar Allah, kin san ina iya karɓa ba ciniki?"

"Na sani. Karɓi."

Ya kuwa karɓa. Ya yi abin da mutanen kwari kan yi wa duk abin da suke so, ya kewaye shi da katanga, ya sa ƙofa da masu tsaro. Masu tsaron suka ƙone itacen Kumatu suka ji ɗumi, wutar bakin hanya ta mutu. Ita kuwa ta koma gefen kabari ta zauna. Farar ɓauna ta zo shan ruwa, ta shinshina katanga, ta juya. Tun daga ranar tururi ya fara raguwa. Da sanyi ya zagayo, ciwo ya dawo wa Barmo, aka sake hawa da shi. Ya tsoma ƙafa ya janye, ruwan ya fi na randa sanyi.

Ya sa aka rushe katangar, aka kai shi gaban Kumatu. Wannan karon a ƙasa ya zauna. "Uwar ɗakina, na gaji da tayi. Faɗi da bakinki."

Abin da ta faɗa shi ne ake yi har yau. An ce tana rufe baki ɓauna ta ɓullo daga ciyawa, tururi ya tashi. Gari ya kafu, ana kiransa Marmaron Kumatu. Muna noma dankali da acca, muna da zuma mai ƙanshin furen dutse. Da sanyi baƙi kan cika mu, daga birane masu zafi, don su ga farar raɓa da asuba, su tsaya gajimare yana ƙarƙashin ƙafarsu, su shiga ruwa haƙora na kaɗawa su fito suna gumi. Ni jininta ce, wutar bakin hanya tana hannuna tun rasuwar maigidana. Bara wani mai babbar mota ya miƙo min kuɗi a madadin itace. Na ce albarka. Ya koma kwari ya ɗauko, da babbar rigarsa.

Ga yadda Kumatu ta yanke, kamar yadda iyayenmu mata suka ba mu:

"Ba katanga, dabba da mutum kowa ya sha. Wuta ba za ta mutu a bakin hanya ba muddin ana sanyi. Duk mai son ruwan nan ya hau da itace daga kwari, a kansa, ba a kan bawa ba, ba a kan jaki ba."

Barmo ya ce, "Har da ni?"

"Kai ne na fari, ranka ya daɗe. Ka kawo, na sallama."