Hular Haƙorin Sarkin Fawa Tunau

An ce a garin Rafin Gauta an yi wani Sarkin Fawa mai suna Tunau. Kullum da hantsi sai ya ɗauki ƙashi a mahauta, ya sa a matauni ya fasa, ƙaras! Ya dubi jama'a ya ce, "Haƙoran nan na gado ne! Duk bakin nan ba wanda ya taɓa girgiza."

Alhali kuwa bara ya sulale birni, likita ya fiƙe masa wani haƙori da tsutsa ta cinye, ya kifa masa farar hular tangaran a kai, ya ce masa ban da ƙashi. Ba wanda ya sani sai wata tsohuwar Angulu da ta taɓa kama shi bayan rumfa yana leƙen bakinsa a madubi.

To, al'adar garin, ranar wasan mahauta Sarkin Fawa yakan fasa ƙashin ɓargo da haƙorinsa na Allah a gaban kowa. In ya kasa, ya miƙa wa Madakinsa wuƙar sarauta. Madaki Barmo kuwa har ya ɗinka babbar riga.

Ana gobe wasa Angulu ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, kofin shayin nan da ke bakinka ya gaji."

Tunau ya waiga a firgice. "Gwaggo, rage murya! Abin da ya jure kullum, gobe ce zai kasa?"

"Haka Ta-Sallah ta ce."

"Wace ce Ta-Sallah?"

Angulu ta gyara fiffike ta ce, "Wata mata ce da ta sayi randa mai zaƙin amo. Duk baƙon da ya shigo sai ta ƙwanƙwasa ta da muciya, ta ce, 'Ji ƙarfe!' Rannan Iya Dubu, wadda ta gina randar, ta zo wucewa ta gani, ta ce, ''Yar nan, ashe ba ki ji shari'ar kura da kabewa ba?' Ta-Sallah ta ce, 'Ban ji ba, Iya.'

"Iya Dubu ta ce, 'Kura ce ta tsufa tana fasa ƙashi, ko gezau. Wata rana ta gatsi dafaffiyar kabewa, haƙori ya rabe biyu. Ta jawo kabewa har gaban Dila, tana neman a bi mata haƙƙi. Dila ya leƙa bakinta ya ce, Hajiya, kabewa a ƙarshe ta zo. Masu laifin duk kin riga kin haɗiye su.' Sannan Iya Dubu ta shafa randar ta ce, 'Kowane bugu yana barin tsaga siririya kamar gashi. Ido ba ya ganinta, amma tana tafiya.'

"Ta-Sallah ta ce randarta ba kura ba ce. Ranar sunan jikanta, kaza ta ɗare bakin randar, sai ga ruwa har zaure. Ta yini tana jifan kaza. Ranka ya daɗe, gobe wace kazar za ka jefa?"

Tunau ya yi tsaki. "Ji mai ba ni shawarar haƙori, ko ɗaya ba ta da shi!"

Gari ya waye, kalangu ya ɗauka, fili ya cika. Aka kawo ƙashi. Tunau ya rufe ido, ya ciza, ƙaras! Ɓargo ya tsiyayo. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya ɗaga kai ya harari Angulu a kan tsamiya, ya yi mata gwalo.

Sai aka miƙo masa waina mai taushi don ya bi da ita. Ya gatsa ke nan, wani abu ya faɗo cikin farantin tasa, ƙal, ƙal. Kalangu ya yi shiru.

Barmo ya tsinci fararen ɓari biyu, ya ɗaga su sama, ya kaɗa su da juna. "Ranka ya daɗe, na gadon ne? A wane kanti kakanka ya sayo shi?"

Fili ya kece da dariya. Tunau ya toshe baƙin kututturen haƙorin da harshe, ya nuna mai waina. "Wannan matar, wainarta ce..."

Daga kan tsamiya Angulu ta yi gyaran murya.

Tunau ya sauke hannu a hankali. Ya kwance wuƙar sarauta, ya miƙa wa Barmo, ya ce, "Ku ƙyale baiwar Allah. Waina a ƙarshe ta zo. Gwaggo, na ji."