Kular Tuwon Katumi a Gidan Abincin Italiya

Wayyo daɗi! Jama'a, a ƙarshe dai abin ya faru! Ko uniform ban cire ba na ɗauki waya, don tun a bus labarin nan yake cina. Ku gyara zama.

Akwai wata mata a unguwar Edmonton ta London mai suna Katumi, 'yar Zangon Kumasi. Duk block ɗinsu an san ta da iya girki. In ta ɗora miyar ayoyo, har Turkawan da ke flat ɗin ƙasa sai sun leƙo. An kuma san ta da kafiya, in ta ce a'a, to a rufe zancen.

Tana da ɗa, Wahabu. Ita burinta ya zama pharmacist, shi kuwa ya je ya shige kicin ɗin wani gidan abincin Italiya can wajen Regent's Park. Daga wanke-wanke ya fara, har aka soma ba shi tukunya. Shekara da shekaru ko loma ɗaya ta girkinsa Katumi ba ta taɓa kaiwa baki ba. In ya kawo mata gida sai ta ce ya miƙa wa maƙwabta.

"Na haife ka a London don ka zama kuku?" haka take ce masa. "A wurin masu alade da giya?"

"Mma, tukwanena daban suke. Naman ma a shagon Baturken da kike saye nake ɗauka."

"Na ji. Kwashe."

Sai ya kwashe. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma bai daina kawowa ba.

To sai ga shi mai gidan abincin, wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Assunta, ta ce ta gaji, shi take so ya riƙe kicin ɗin gaba ɗaya. Wahabu ya ce ba zai karɓa ba sai mahaifiyarsa ta ci girkinsa ta sa albarka. In kuwa ta ƙi, a ba wani. Kun ji fa!

Ya yi lallashi har ya gaji, daga ƙarshe ta ce za ta je, don kar a ce ta cika taurin kai. Ya yi mata booking ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Kai jama'a, wurin nan! Katumi na shiga ta ja ta tsaya. Fitilu rataye kamar ɗigon zuma, tebura da fararen ƙyallaye ko ƙura babu. Bangon kicin ɗin gilashi ne, kana zaune kana kallon komai. Ga wata tana murza taliya da hannu, tana jan ta siririya har kana hango yatsunta ta ciki. Ga wani dunƙulen cuku kamar tayar mota, an fafe cikinsa, ana juya taliya mai zafi a ciki. Aka wuce da wani faranti an kife shi da gilashi, ana buɗewa hayaƙi mai ƙanshin itace ya tashi.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sai kuma ta tuna fushi take yi, ta tsuke baki.

Can cikin gilashin ta hango ɗanta cikin farar riga, yana magana ana cewa to. Ta kau da kai.

Wata ma'aikaciya mai suna Cynthia ta zaunar da ita, ta kawo burodi mai ɗumi da man zaitun. Katumi ta ture. Aka kawo wasu 'yan ƙunshe-ƙunshen taliya da kabewa a ciki, an jera su kamar furanni. Ta kalla, ta haɗiye yawu, ta sake turewa.

Sai me? Sai ta jawo ƙatuwar jakarta ta fito da kula! Wallahi kula, a tsakiyar gidan abincin Turawa! Ta buɗe, ga tuwon masara da miyar ayoyo, ƙanshin daddawa ya cika wurin. Ta naɗe hannun riga.

Cokula suka tsaya. Cynthia ta ruɗe, sai "Madam, please, madam" take yi. Wahabu daga cikin gilashi ya sunkuyar da kai, ya san shi ke nan.

Sai ga Madam Assunta ta taho tana dogara sanda, ta tsaya a kan teburin. Katumi ta shirya faɗa tsaf. Amma kun san mutanenmu, ba za ka iya cin abinci mutum na tsaye a kanka ba ka ce masa komai ba. Kafin ta ankara bakinta ya riga ta.

"Bismillah. Come chop."

Tsohuwa ta ja kujera ta zauna. Ta sa aka kawo ruwa ta wanke hannu. Ta kalli yadda Katumi ke gutsurar loma, ita ma ta gutsura, ta dangwali miya, yauƙin ya biyo hannunta har kan farin ƙyallen, ta yi dariya ta kai baki. Ta lumshe ido.

"Kai, matar nan ya iya cin tuwo," Katumi ta faɗa da Hausarta ta Zango, ba ta san ta faɗa ba.

Suka ci tare, sai da suka ga ƙasan kula. Daga nan tsohuwa ta rufe kular, ta rungume ta, ta nufi kicin.

"Ina zai kai mini kula na?" Katumi ta miƙe. Cynthia ta ce ta ɗan yi haƙuri.

Jim kaɗan tsohuwa ta dawo ta ajiye mata kular, da nauyinta. Ta yi magana da Turancinta a hankali yadda Katumi za ta gane.

"'Yar'uwa, a ƙauyenmu in maƙwabciya ta ba ki abinci, ba a mayar mata da kwanonta wayam. In na yi haka, uwata ba za ta yafe mini ba."

Katumi ta dubi kular. Ai a Zango ma haka ake yi! Kuma ta fi kowa sanin cewa in an cika miki kwano an dawo da shi, ƙin ci cin fuska ne, balle ga wadda ta sa hannu a tuwonki. Babu hanyar gudu. Ta buɗe.

Tuwon masara ne, amma rawaya, mai laushi, yana sheƙi da man shanu. A kansa wutsiyar sa ce ta dahu cikin tumatir har tana zamewa daga ƙashi, an yayyafa ɗanyen ganye.

"Polenta muke ce masa," in ji tsohuwa. "Da shi aka raine ni. Ɗanki ne ya tuƙa."

Katumi ta yi bismillah ta kai loma. Ta tauna a hankali. Ta ƙara. Can ƙarƙashin tumatir ɗin ta ji wani abu da ta sani.

"Daddawa," ta ce. "Kuma a ƙarshe ya sa, yadda nake yi. Ban taɓa koya masa ba."

"Ya ce tun yana ƙarami yake tsayawa a bakin ƙofar kicin yana kallon ki, kina korar sa yana dawowa," in ji tsohuwa.

Hawaye suka zubo mata, ko sharewa ba ta yi ba. Ta cinye tas, ta suɗe hannu a gaban kowa. Sannan ta miƙe da hijabinta ta tura ƙofar kicin, ma'aikata suka dare. Ta kama kan Wahabu da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Karɓi aikin."

"Amin, Mma," ya ce.

"Amma gobe ka ƙara gishiri kaɗan."

Darasi: Haƙuri da iyaye ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma mutunci ɗaya yakan buɗe zuciyar da gardamar shekaru ta kasa buɗewa. Iyaye, ku ɗanɗana abin da 'ya'yanku ke yi kafin ku ce a kwashe. Ku tura wa wanda kuke ƙauna. Amma don Allah, don Annabi, wanda ya san su a Edmonton ya yi shiru tukuna, kar ya yi tagging kowa! Babansa yana Kumasi bai ji ba, Wahabu yana so ya faɗa masa da bakinsa. Na roƙe ku!