Jarrabawar Kwanciya Ido Rufe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu na nan.

Wata shekara Dila, malamin daji, ya tara iyayen yara ya ce daga yau karatu ɗaya ne a dukan makarantun dabbobi, jarrabawa ma ɗaya. An soke darasin gudu, an soke na ihu. Abin da za a gwada shi ne wa zai fi daɗewa a kwance, ido rufe, baki gum. Waɗanda suka ci za a wuce da su babbar makaranta a bayan dutse.

Zabuwa dai kun san ta, ko inuwarta ba ta yarda da ita ba. Ta karkata kai ta ce, "Allah gafarta Malam, wa ya tsara wannan karatu?"

"Kwamitin manya ne."

"Manyan ba su da suna?"

Dila ya yi gyaran murya. "Akwai Kura, akwai Damisa. Shaho ne mai ba da maki."

"To ɗan wa a cikinsu zai zauna jarrabawar?"

Tunkiya ta zungure ta. "Haba Yaya, kya hana yara ci gaba? Nawa tun jiya yake koyon kwanciya."

Ran jarrabawa 'ya'yan Zabuwa na hango Shaho suka ɓarke da ihu, suka watse cikin ciyawa. Aka ce duk sun faɗi, aka kore su. Ɗan Tunkiya kuwa ya zo na ɗaya, aka wuce da shi bayan dutse ana guɗa.

Har yau Tunkiya na tsaye a bakin hanya, duk wanda ya gifta sai ta tambaye shi yaushe ake ba da hutu.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya ƙone.